Attaruhu da kuɓewa da zogalen da nake reno a ɗaki sun fara kwanciya, a taimaka

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar shuka ku agaza min. A Toronto nake zaune, kuma nan sai wajen ƙarshen Mayu ake fitar da shuka waje saboda sanyi, shi ne tun watan Maris na zuba irin attaruhu da kuɓewa da yakuwa da zogale a 'yan robobi na jera su a bakin taga. Kuɓewar da yakuwar sun fito da wuri amma sai tsawo suke ta yi siriri kamar zare, duk sun karkata wajen gilashi, wasu ma gindinsu ya yi baƙi ya tsuke sun kwanta. Zogalen kuma ganyen ƙasa sai ya yi rawaya ya zube, ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe da suke tashi daga ƙasar in na taɓa. Safe da yamma nake ba su ruwa, hita ma a kunne take. Wallahi ina son shukokin nan, burina yarana su sha miyar kuɓewa ɗanya daga bayan gidanmu. Yanzu muna tsakiyar Afrilu, ya zan yi su kai lokacin dashe?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Tsawon nan da suke yi ba girma ba ne, haske suke nema, ranar da take shigowa ta taga a wannan lokacin ba ta isar shukar ƙasarmu, ni ma a Manchester nake kuma haka abin yake a nan. Ki nemi fitilar LED ta shuka ko ma doguwar farar nan ta gareji, ki rataya ta kusa da kansu kamar tsawon tafin hannu, ki bar ta awa 14 zuwa 16 a rana ki kashe da dare, suna girma kina ɗaga ta. Sannan bakin taga da dare sanyi ne da shi sosai ko da ɗakin da ɗumi, ki janye su daga jikin gilashin, kuma kar ki ɗora su daidai inda iskar hita take busowa don tana busar da ganye. In kina da ƙaramar fanka ki riƙa kunna musu kaɗan-kaɗan, tana sa karan ya yi ƙwari.

Alhaji Na Kura:
Hajiya barka da ƙoƙari. Ni ban san sanyinku ba amma reno dai sana'armu ce, tumatir da tattasai da attaruhu duk sai mun rene su kafin dashe, kuma abin da kika faɗa na gindi ya yi baƙi ya kwanta mun san shi sarai, ruwa ne ya yi yawa. Ƙasa in ba ta shan iska saiwa ruɓewa take, kuma ƙudajen nan ma a jiƙaƙƙiyar ƙasa suke haihuwa. Ki daina ban ruwan safe da yamma, ki sa yatsa ki ji, in saman ya bushe sannan ki ba su, kuma ki duba ko robobin da huda a ƙasa, in babu ki huda yau ɗin nan. Wanda ya riga ya kwanta ki cire shi da ƙasarsa ki zubar don ba ya tashi, sai dai ya shafa wa na kusa. Zogale kuwa shi ya fi kowa ƙin ruwa, saiwarsa ƙasa take nutsawa, ki ba shi mazubi mai zurfi ki haɗa ƙasar da yashi. Sai kuɓewa, mu nan ba ma dasa ta, a rami ake shuka ta kai tsaye domin ba ta son a taɓa mata saiwa, shawarata wadda ta langaɓe ki haƙura da ita ki sake sabuwa, ki jiƙa irin ya kwana sannan ki shuka.

Anti Bilki:
Gaskiya Alhaji ya faɗa, kin yi wa kuɓewar sauri ne ƙanwata, attaruhu shi ne mai son a fara da wuri kamar sati 8 zuwa 10 kafin dashe don jinkirin tsiro gare shi, amma kuɓewa sati 3 ko 4 ya ishe ta, ki sa ta a irin tukunyar nan ta takarda da ake binnewa gaba ɗaya. Abin da nake so ki kiyaye shi ne ranar fitarwa, mu nan Minnesota mutane da yawa a nan suke asara, kar ki ga rana ta fito a Mayu ki kwashe su ki dasa lokaci ɗaya, shukar da ta tashi a ɗaki rana ƙona ta take ganyen ya yi fari. Ki fara da awa ɗaya ko biyu a inuwa inda ba iska, ki mayar ciki, gobe ki ƙara, a haka har kamar kwana 10, kuma kar su kwana a waje sai sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 12 na ma'aunin Celsius. Kuɓewa ma gara ki jira farkon Yuni ƙasa ta yi ɗumi.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Anti to yakuwar fa, zan samu zoɓo kuwa? Kuma zogalen a ƙasa zan dasa shi?

Anti Bilki:
Ganyen miya dai za ki samu har ki kyautar, amma zoɓo da wuya, ita yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta, mu kuma nan lokacin da yini zai gajarta sanyi ya riga ya kawo kai. Zogale ki bar shi a babban bokiti mai huda, ya sha rana a waje, wajen ƙarshen Satumba ki datse shi ki shigar ɗaki ki rage masa ruwa sosai, ko ganyen ya zube kar ki jefar da shi, in dai saiwar ba ta ruɓe ba yana sake tohowa.