Ƙaramin kan jirgina na tururi yana tofar da ruwa, yana kuma cijewa a kwana

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Na sayo ƙaramin kan jirgin ƙasa na tururi, irin na wasa, daga Ingila, na hannu, mai ƙafa huɗu, mai aiki da gas, faɗin layinsa milimita 45. Na shimfiɗa masa layi a tsakar gida nan Kaduna, zagaye ɗaya na kusan mita 14, a kan ƙasa kai tsaye. Abu uku ne suka dame ni. In na kunna, wutar ba ta komawa cikin tukunyar da ke dafa ruwa, a gaba take ci ƙarƙashin bututun hayaƙi, har fenti ya fara ƙuna. In ya tashi, ruwa da mai yake tofarwa ta bututun. Sannan yana cijewa a kwanar da ke tudu, a gangara kuma ya kwasa da gudu har ya kife. Ruwan burtsatse nake cika masa maƙil, mai kuma na injin mota. Gefe ɗaya na tsakar gidan ya ɗara ɗayan tudu da santimita 15 a tazarar mita 5, kwanar kuma santimita 60 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi. Injin ne ya gaji, ko ni ne ban iya ba?

Baba Makaniki:
Wa alaikumus salam, ɗana. Injin bai gaji ba. Kada ka sake kunna shi sai ka gyara maganar wutar, don ita ce mai ɓarna: zafin da ke taruwa a gaba yana cin fenti, yana kuma dafa zoben robar da ke cikin silinda.

An ƙera waɗannan injuna ne don sanyin Turai. Gas ɗin butan da injin ke ci, a zafin digiri 20 matsinsa bai wuce bar 1 da ɗoriya ba a geji, wato agogon auna matsi, amma a digiri 40 ya kusa bar 3. Tankin da ya sha rana a watan Maris ko Afrilu yana turo gas da matsi fiye da ninki biyu, ko da daidai yadda mai shi na farko yake murɗa makunnin ka murɗa. Gas in ya fito da ƙarfi haka, wutar ba ta iya komawa baya zuwa kan bona, wato wurin da gas ke ci a cikin tukunya.

Ka ajiye injin da gwangwanin gas a inuwa. Ka rufe makunnin gas, ka kifa gwangwanin a kan bawul ɗin tanki, ka danna har ka ga ruwan gas ya fara fesowa ta gefe, ya cika ke nan. Ka dakata minti biyu, don butan ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙarƙashin injin da tsakanin layi. Sai ka riƙe wuta a bakin bututun hayaƙi tukuna, sannan ka buɗe gas kaɗan-kaɗan, kamar mai sassauta murfin kwalbar turare. Za ka ji "fuf", wutar ta koma ciki, ƙarar ta zama gurnani mai laushi. In ba ta koma ba, ka rage gas har ta kusa mutuwa, a nan take komawa. In ta ƙi, ka kashe, ka jira, ka sake.

In duk wannan bai yi ba, jet, ɗan bakin da ke fesa gas cikin bona, ya fara toshewa. Raminsa kusan milimita 0.2 ne, ƙurar hunturu kaɗan ta ishe shi. Ka kwance shi, ka jiƙa a tinar fenti, ka hura shi da gas ta baya. Kada ka tsokane shi da allura, ramin in ya faɗaɗa jet ɗin ya tashi aiki. Farin tef ɗin masu famfo ma ka yi hattara da shi wajen mayarwa, gutsurensa ne kan toshe jet sau da yawa.

Gas ɗin girki na gida kuwa, ko kusa. Akwai furofan a cikinsa, wani gas da ya fi butan matsi, ba ka kuma san yawansa ba, shi kuwa furofan zalla a digiri 40 matsinsa ya haura bar 12. Haɗin butan da furofan da ake sayarwa a Turai don lokacin sanyi ne, mu nan butan zalla ya ishe mu.

Injiniya:
Baba ya gama da wuta, bari in taɓa ruwa. Malam, tukunya ba a cika ta maƙil. Tururi yana buƙatar wurin taruwa a saman ruwa, in babu, ruwan kansa ne zai bi bututu ya shiga silinda. Ka cika ta har baki, sannan ka zuƙe mililita 30 da sirinji. Adadin da kamfanin Roundhouse na Doncaster ke rubutawa ke nan a takardun ƙananan injunansa, kuma ya dace da yawancin tukwane masu wannan girma.

Tofi kaɗan a farkon tashi dole ne. Silinda tana da sanyi, tururin farko yana shiga ya koma ruwa. In geji ya kai psi 40 (psi ma ma'aunin matsi ne, kamar bar), abin da kan ɗauki minti 5 zuwa 8, ka buɗe makunnin tururi kaɗan, ka tura injin gaba da baya da hannu sau uku ko huɗu har ruwan ya fice. Ka kawar da fuskarka da yara daga saitin bututun, ruwan da ke cikin tukunya a wannan matsi ya kai digiri 140.

Man mota ka daina zuba shi a ɗan kofin mai na tururi. Aikin kofin nan shi ne tururi ya shiga ya koma ruwa, ruwan ya nutse, ya ɗago mai sama ya bi tururi zuwa silinda. Man tururi an haɗa shi ne don ya manne wa ƙarfe mai jiƙe, mai kauri ne, lamba 220 ko 460. Man mota tururi wanke shi yake yi, abin da ya rage kuma ya ƙone ya zama gawayi a cikin bututun da ya ratsa ta wuta. Bayan kowace tafiya ka kwance sukurun ƙasan kofin, ruwa ya fita har mai ya fara biyowa, ka ɗaure, ka ƙara sabo. In ka buɗe ka tarar da mai cike yadda ka zuba shi, ba ya tafiya ke nan, ɗan ramin da ke ciki ya toshe. Man mota 20W-50 yana da wurinsa: ɗigo ɗaya-ɗaya a gabobin sandunan ƙafafu da aksil.

Ina kuma zargin mai ya riga ya shiga tukunyar. In aka kashe wuta aka bar makunnin tururi a buɗe, tukunya tana hucewa tana zuƙo mai daga kofin. Ruwa mai maiƙo kumfa yake yi, tofi ba zai tsaya ba ko ka rage ruwa. Ka wanke ta da ruwan zafi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka ɗauraye sau biyar ko shida.

Mai Walda:
Injiniya, a nan ina da ƙari, don in an ce masa ya rufe kawai zai ɗaure da ƙarfi. Allurar makunnin tana da zafi lokacin, in ƙarfen ya huce sai ya kama ta gam, gobe sai da filaya. A rufe da yatsa biyu, ba matsewa. Da geji ya sauka sifili a sassauta murfin zuba ruwa iska ta shiga, sannan a ɗan buɗe makunnin. Mai bai shiga ba, allura ba ta kame ba.

Ruwan burtsatse kuma, Malam, ka leƙa cikin butar shayinka. Farin ɓawon nan shi zai kwanta a kan bututun wuta, ya hana zafi ratsawa, ya toshe gilashin duba ruwa. Ruwan sama da aka tace da takardar tace kofi ya fi, ban da na farkon damina mai wanko ƙurar kwano. Wanda ke ɗiga daga AC ma yana yi in an tace. Kada ka aika yaro ya sayo "ruwan batir", wani wurin asid za a ba shi. Ɓawon da ya riga ya taru, ka zuba binega, wato ruwan khal, rabi ruwa rabi, ya kwana, ka ɗauraye sosai.

Tunda na hannu ne, a gwada tukunyar kafin a ci gaba. A cika ta da ruwan sanyi ba iska ko kaɗan, a toshe mazaunin bawul ɗin kariya mai sakin tururi in matsi ya yi yawa, a matsa da famfon hannu zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, wato psi 60, a duba ko allurar geji tana sauka ko wani wuri yana gumi. Da ruwa ake yi, ba da iskar kwamfuresa ba: ruwa in ya sami kafa tsiyaya yake yi, iska kuwa fashewa. Kowace kunnawa kuma, in geji ya kai psi 20, ka ɗaga tsinken bawul ɗin da hantsaki ka ji ya fesa.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, Baba, Injiniya, Malam Mai Walda. To maganar kifewar fa? Na ji ana sa musu rimot. Shi zan nema?

Hajiya Mai Lambu:
Ƙanena, rimot zai taimaka, amma kuɗin ka fara kai su ga bulo da tsakuwa. Santimita 15 a mita 5 hawa 1 cikin 33 ke nan, ga kwana mai tsauri a bakin tudun. Injin lantarki zai haɗiye wannan, na tururi ba ya yi, domin makunninsa ƙarfi yake ƙayyadewa, ba gudu ba. Buɗin da zai haye tudu da shi, shi ne zai jefar da shi a gangara.

Ka nemo tiyon ruwa irin na magina ka fitar da layin daidai. In dole sai an yi hawa, kada ya wuce santimita 1 a kowace mita, kada kuma ya faɗo a kwana. Gefen da ke ƙasa ka ɗaga shi da bulo, ka cika da ƙasa, ka daddage, ka zuba tsakuwa ƙanana masu kaifi na milimita 3 zuwa 6. Mai santsi ta rafi ba ta riƙe layi. Katako a ƙasa abincin gara ne. Ka duba daidaiton ƙarafan layin biyu ma, ƙarfen waje a kwana kada ya fi na ciki ƙasa ko da milimita 1, yawancin kifewa daga nan take. In fili ya yarda, ka buɗe kwanar zuwa santimita 120. Santimita 60 ita ce mafi ƙanƙantar da ƙaramin inji zai bi, ba wadda zai ji daɗinta ba.

Ƙarfen layi yana miƙewa a rana. Na tagulla, in zafinsa ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.75, a mita 14 an sami santimita 1. In da safe kake shimfiɗawa ka bar milimita 1 a kowace mahaɗa, kada kuma ka kafe layin da ƙusa ko'ina, ka bar shi ya yi motsi a cikin tsakuwa.

Sannan ka daina sakin sa shi kaɗai. Ka rataya masa tarago huɗu ko biyar, ka sa ɗan nauyi a ƙasan kowanne, kaya ne ke sa shi natsuwa. Da geji ya kai psi 40 ka rage gas sosai, bawul ɗin kariya in yana ta fesawa ruwa da gas kake zubarwa. Maiƙon da ke zuba a kan layi ka goge da tsumma bayan kowace tafiya, in ya haɗu da ƙurar hunturu ƙafafu za su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Baba Makaniki:
Abu ɗaya na manta, ɗana. A yawancin irin waɗannan injuna an auna tankin gas ne ya ƙare kafin ruwa, bayan minti 20 zuwa 25. In wuta ta mutu kada ka ƙara gas kaɗai ka sake kunnawa, tukunya za ta ƙone a bushe. Ka bari ta huce, ka cika ukun tare: gas, mai, ruwa. In kana son tafiya mai tsawo sai ka sa bawul ɗin Goodall, mai barin ruwa ya shiga ba tare da tururi ya fita ba, a mazaunin murfin ruwa, ka riƙa ɗura ruwa da kwalbar famfo alhali yana da matsi, idonka kuma a kan gilashin ruwa. In jet ɗin ya ƙi wankuwa ka duba lambar da aka buga a jikinsa, irinta za ka yi oda.