Tsohuwar da nake jinya ta ba ni abin wuya, ta ce aikin Calder ne: ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kula da wata tsohuwa a jihar Connecticut ta Amurka. Ta ba ni abin wuya na wayar tagulla da aka daddaka da guduma aka nannaɗe kamar gammo. Ta ce Alexander Calder ne ya yi wa mahaifiyarta da hannunsa. Babu sa hannu a jiki, ya kuma yi duhu. Ina ƙaunar matar nan, ba na son in ƙi kyautarta, amma gabana na faɗuwa saboda 'ya'yanta ba su sani ba. In riƙe? In goge shi?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, don Allah kada ki kai masa toka ko lemun tsami. Masu sayen irin waɗannan kaya duhun nan suke so, goge shi na iya rage masa daraja. Naɗe shi a ƙyalle mai laushi ki ajiye tukuna.

Malam Bashir:
Zancen tsohuwar ba abin rainawa ba ne. Calder, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1976, ya yi suna ne da sassaƙen ƙarfe masu rataye da iska ke juyawa, kuma yana da gida a Roxbury, cikin jihar da kike. Ya ƙera kayan ado wajen 1,800, da yawa kyauta ya yi su ga matarsa Louisa da abokan arziki. Ba ya walda a kayan adon nan, lanƙwasa waya yake ya buga ta, ya haɗa da 'yar ƙusa ko ɗauri. Ki duba: in kin ga alamar an narka ƙarfe an liƙa, akwai shakka. Rashin sa hannu kuwa ba matsala ba ce, yawancinsu haka suke. Sai dai masu kwaikwayo suna da yawa. Gidauniyar Calder da ke New York, wadda aka kafa a 1987, ita ke duba aikinsa ta ba shi lambar rajista, manyan gidajen gwanjo ma lambar suke tambaya. Tsohon hoton mahaifiyar sanye da shi, ko wata wasiƙa, zai taimaka ƙwarai.

Anti Rakiya:
Ni ba ƙarfen ne ya dame ni ba, ke ce, ƙanwata. Na daɗe a wannan aikin. Yawancin kamfanonin jinya sun hana karɓar kyauta mai tsada, kuma in tsohuwa ta fara mantuwa, gobe za a iya cewa kin yaudare ta. In na Calder ne da gaske, kuɗinsa ba na wasa ba ne, magada ba za su yi shiru ba. Ki sanar da shugabarki yau, ki mayar da shi gidan, ki kira babban ɗanta. In sun amince, a rubuta, ta sa hannu gaban shaidu.

Maman Hanif:
Amma Anti, ba za ta ji ciwo ba a dawo mata da kyauta?

Anti Rakiya:
Ba ƙi za ta yi ba. Ta ce mata: “Na karɓa, na gode, amma ina so 'ya'yanki su shaida.” Tun da sauran hankalinta, tsohuwar ta kuma ba su labarin yadda abin ya zo hannun kakarsu, a naɗi muryarta a wayar salula.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gobe da safe zan kai shi, ɗanta kuma zai zo ranar Asabar.