Katangar da ke tsakanin sashe da sashe a jami'a, a rushe ta ko a bar ta?

Ɗan Samaru: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana, raba ɗalibai da ake yi tun daga ajin farko, wannan ɗan kemistiri, wancan ɗan bayoloji, wancan ɗan kwamfuta, shi ne yake kashe mana bincike. Ƙwayar DNA ba ta san wani abu wai shi sashe ba. Ku duba kyautar Nobel ta kemistiri ta 2024, Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind ne suka ɗauki rabinta saboda AlphaFold, manhajar kwamfuta da ke hasashen yadda furotin, sinadarin nan mai gina jiki, zai naɗe ya ɗauki siffarsa. Hassabis ɗin kwamfuta ya karanta a Kambirij. Da a nan ne wlh cewa za a yi ba fanninsa ba ne.

Maman Ilham: Ka faɗi rabi ka bar rabi malam. Manhajar da me ta koyi aikin? Da siffofin furotin da masana suka yi ta tarawa a rumbun bayanai na Protein Data Bank tun 1971, mutanen da wani sai ya ƙarar da shekaru a kan furotin guda ɗaya. Shi kansa Jumper sai da ya zauna ya ƙware a fizis da lissafi kafin ya yi digiri na uku a kemistiri. Ni ina koyarwa, ina ganin ɗan aji uku da bai iya haɗa bafa ba, ruwan nan da ke hana tsamin samfur canjawa, ka ce ya auna pH, wato ƙarfin tsamin ruwa, ya tsaya yana kallonka, shi za ka ƙara wa kwas ɗin kwamfuta? Ba ga tsuntsu ba ga tarko kenan.

Ɗan Samaru: Hajiya ai rashin iya haɗa bafa laifin rashin firatikal ne, ba laifin haɗa fanni ba.

Baban Lab: Ku bari in ba ku abin da na gani da idona. Lokacin da nake masters a wata jami'a, injin PCR, mai ninka DNA don a bincika shi, ɗaya ne ke aiki a duk tsangayar, yana ɗakin wani sashe an lulluɓe shi da leda, makulli na aljihun mutum ɗaya. Na rubuta takarda, shugaban sashenmu ya sa hannu, ta tafi wajen nasu ta kwanta, sati uku ina zarya, ranar da aka ce in zo kuma na buɗe firizarmu na tarar samfurin jinin shanun da na wahala na ɗebo a ruga ya narke saboda an yi kwana biyu ba wuta. Tsakanin ɗakin nan da namu ko taku hamsin babu. To ni ba tsarin karatu ne ya dame ni ba, makullin nan ne.

Maman Ilham: Allah sarki, wannan kam da ciwo. Amma ka ga maganarka tana goyon bayana ne, kayan aiki za a haɗa, ba digiri ba.

Injiniya: Akwai inda aka gwada ai. ACEGID, cibiyar binciken ƙwayoyin halittar cututtuka da ke jami'ar Redeemer's a Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, su suka fara karanta jerin ƙwayoyin halittar cutar korona a Afirka a watan Maris 2020, kuma aikin nan sai da likita da ɗan lab da mai sarrafa bayanai a kwamfuta. A Zariya ma marigayi Farfesa Andrew Nok ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas NLNG a 2009 kan ƙwayar cutar sammore, kana ganin aikin ka san bayokemistiri da likitancin dabbobi sun haɗu.

Maman Ilham: Duk waɗannan a matakin bincike ne Injiniya, bayan kowa ya kafu a nasa. Ni ajin farko nake ƙi.

Ɗan Samaru: To in an jira sai masters ai an makara, yaron ya riga ya ɗauka lissafi abokin gabarsa ne. Kuma hukumar kula da jami'o'i NUC ta buɗe ƙofa, tsarin karatu na CCMAS da ta fito da shi a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. Me zai hana a sa kwas biyu na kididdiga da rubuta manhaja a ciki?

Baban Lab: Wa zai koyar? Malamin kwamfuta zai ce ba ɗalibansa ba ne, aikin ba ya cikin lissafin nauyinsa. In ka buga takarda da 'yan wani sashe ma, ranar ƙarin girma wani a kwamiti zai ɗaga gira ya ce wannan mujallar ta fanninmu ce kuwa?

Maman Ilham: Kwas biyu a aji uku zan iya yarda. Aji ɗaya a bar min su su koyi riƙe fifet, tsinken auna ruwan lab, tukuna.

Ɗan Samaru: Aji biyu Hajiya, a yi ciniki.

Maman Ilham: Albarka.