Shawarwari Kan Farfaɗo da Tsohon Otal a Tsakiyar Birni

Da aka tattauna yadda za a farfaɗo da wani tsohon otal a tsakiyar birni, kusan duk wanda ya sa baki, rufi ya fara ambata: a tsayar da yoyo tukuna, domin ruwa ne ke ruɓar da katako, ya sa ƙarfe tsatsa. Magina kuwa sun dage kada a liƙe tsohon bulo da siminti, a koma kwaɓin farar ƙasa. Siminti na tsare danshi a ciki har fuskar bulon ta riƙa ɓarewa, kuma wannan hujjar ta fi gamsar da ni. Wasu suka ce a nemo tsofaffin hotuna kafin a taɓa matakala ko tagogi. Masu gaggawa kuma aka tuna musu otal ɗin Willard na birnin Washington, wanda aka rufe a 1968, bai sake buɗewa ba sai 1986.