Ciwon hantsa ya ƙi rabuwa da saniyata, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Saniyar tatsa ce gare ni da ciwon hantsa ya addaba. In an yi mata allura sai kumburin ya sace, madara ta koma daidai. Ana 'yan makonni gudaji su dawo, kuma kullum a nono ɗaya, na baya ta hagu. Yanzu wurin ya fara tauri. Maganin ne jabu, ko in ƙara yawansa?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara komai tukuna. Bayaninka ya yi kama da aikin Staphylococcus aureus. Wannan bakteriya takan manne a cikin hantsa, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da ake kira bayofim. Magani yana kashe waɗanda ke yawo a madara, shi ya sa kake ganin sauƙi, amma na cikin yauƙin suna kwance lamo, ba sa girma balle magani ya kama su. Juriyarsu kan ninka ta sauran daga sau 10 har zuwa 1,000. Da ka tsayar da allura sai su sake bazuwa. Kai samfurin madarar wannan nonon ɗakin gwaji, a gano ƙwayar da maganin da ke cinta. Kuma madarar da aka tatsa lokacin magani a zubar, sai kwanakin da ke jikin kwalbar sun cika.

Mai kiwon kaji: Mu a bututun ruwan kaji muke fama da wannan bayofim ɗin. Zura yatsa cikin abin shan ruwan dabbobinka, santsin nan da za ka ji, shi ne. Bitamin da sukarin da muke zubawa a ruwa ma ciyar da shi suke yi. Kulorin kaɗai ba ya ratsa shi da kyau, sai an goge da buroshi, bututu kuwa a wanke da haidurojin feroksaid bayan an kwashe kaji.

Wani dattijo: Ɗana, kai ta saniya ɗaya kake, ni sauran nake ji. Hannun mai tatsa da tsumman goge nono ke raba cutar. Mai ciwon za a riƙa tatsa a ƙarshe, kowace da tsummanta, a tsoma kan nono a ruwan aidin bayan tatsa.

Mai tambaya: Na gode Baba. Likita, ke nan ba ta warkewa?

Likitan dabbobi: Ya danganta. Ƙaramar saniya mai sabon kamu takan warke, musamman in aka sa mata maganin cikin nono lokacin da aka daina tatsarta, kamar kwana 60 kafin haihuwa. Amma tsohuwa da hantsarta ta riga ta yi tauri, gaskiya da wuya. In gwaji ya tabbatar, ko a kafar da wannan nonon a ci gaba da ukun, ko a fitar da ita daga garke. Haihuwarta nawa?