Musayar Waƙa a kan Kan, Garin Bikin Finafinai

Autan Zaure:
Yayyena ga tambaya, ku ba ni amsa da waƙa,
Cannes ake rubutawa, Kan ake faɗa da baka.
Mai sabon fim a hannu, ta wace ƙofa zai leƙa?

Malam Mai Kyamara:
Auta, kudun Faransa, bakin Bahar Rum yake zaune,
Ka sauka a birnin Nis, ka hau jirgin ƙasa, kusan rabin awa ne.
Biki a watan Mayu, kwana 12 ne,
An soma a 1946, na 1939 yaƙi ya cinye.
Ka kama ɗaki tun da sanyi, na titin Croisette wuta ne,
In ka kwana a Antib, garin da ke kusa, ka san jirgin ƙarshe na ƙarfe nawa ne.

Hajiya Furodusa:
Malam, ka tsallake katin wuya, shi ne gaba da komai,
Ba a sayar da tikitin gasa a taga, ko kai waye.
Kati na 'yan sana'a ne, a nema da watanni a baya,
Sannan kujera a intanet, bakwai na safe, ba wasa,
Kwana huɗu kafin nuni. Ka makara, sun ƙare.
Ka kama kujera ka ƙi zuwa, za a rage maka dama,
Gara ka soke da wuri, wani ya samu ya zauna.

Autan Zaure:
Hajiya, to jar darduma fa, da wane kaya ake hawa?

Hajiya Furodusa:
Matakala 24 ce, ƙanena, ba ta da wani tsawo.
Nunin dare sai baƙar kwat, masu gadi na dubawa,
Da ɗan ɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi.
Ɗaukar kai hoto da waya, tun 2018 an hana,
Don layi na tsayawa, ga mutum sama da 2,000 za su zauna.

Yaya Mai Tace Hoto:
Ku bar zancen kwalliya, matsalar a fim take farawa.
Sai wanda aka kammala cikin wata 12 ake karɓa,
In an haska shi a wani biki na waje, ya sha ruwa,
In an ɗora a YouTube don zumuɗi, haka nan.
Gajere kar ya wuce minti 15, ko da kaɗan.
Fassarar ƙasan allo ta Faransanci, a ba gwani,
Barkwanci na mutuwa a hannun mai fassarar gaggawa.

Malam Mai Kyamara:
Gaskiyarka, kuma kuɗin ba a darduma suke ba,
Marché du Film ce kasuwa, can masu rarraba fim ke zama.
Ka nemi ganawa tun daga gida, kar ka je kana kame-kame,
Tallan minti biyu a waya, da takarda ɗaya, sun isa.
Afirka ma ta taɓuka: Palme d'Or, babbar kyautar bikin, ta je Aljeriya a 1975,
Darakta Haroun na Chadi ya ci kyautar alƙalai a 2010,
Akinola Davies ya kai fim ɗin Najeriya a 2025.

Hajiya Furodusa:
In kati bai fito ba, Auta, kar ka koma ɗaki,
Akwai majigi kyauta a bakin teku bayan magariba.
Ka je da wuri don kujera, ka riƙe rigar sanyi,
Iskar Bahar Rum da dare ba ta san watan Mayu ba.