Ɗan ƙanwata ya samu aiki a sansanin masu zaman tsiraici a Faransa: yaya dokokin wurin suke?

Mai tambaya, daga Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka zauna a Faransa suka ga abin da idonsu. Ɗan ƙanwata, wanda yake hannuna tun rasuwar mahaifinsa, yana karatu a birnin Bordo, kuma ya sanar da ni cewa an ɗauke shi aikin wata biyu, Yuli da Agusta, a wani sansanin hutu da ke bakin teku a yankin Jirond. Da na matsa masa da tambaya, sai ya bayyana mini cewa sansanin na mutanen nan ne da suke zama babu sutura a jikinsu, maza da mata, wasunsu har da iyali. Ya ce a kantin kayan masarufi zai yi aiki, kuma da rigarsa da wandonsa. Ban ba shi amsa ba tukuna, mahaifiyarsa ma ban gaya mata ba. Ina so in san dokokin da ke tafiyar da zaman yau da kullum a irin wannan wuri, ko ana tilasta wa ma'aikaci ya tuɓe, da abin da ya kamata ya duba kafin ya sa hannu.

Mutumin Ngaundere, mazaunin Bordo

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin ba sabo ba ne a wannan yanki. Sansanin Montalivet, wanda Albert Lecocq da matarsa Christiane suka buɗe a 1950, a nan Jirond yake, kuma a cikinsa aka kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi ta duniya a 1953. Kusa da shi akwai sansanin Euronat, sannan a kudu, bakin tekun Bahar Rum, akwai unguwar Cap d'Agde da aka fi jin labarinta. Manyan cikinsu kamar ƙananan garuruwa suke a lokacin zafi, da kantuna da gidajen abinci da wuraren wanka, wasu mazaunan a tanti, wasu a ƙananan gidajen katako da suka mallaka shekara da shekaru.

Mutanenmu idan suka ji labarin sukan ɗauka wuri ne da kowa ke cin karensa babu babbaka, alhali dokokinsa sun fi na sansanin hutu na yau da kullum tsauri. Kowa yana yawo da tawul ɗinsa, kuma ba a zama a kan kujera ko benci, a gidan abinci ne ko a bakin ruwa, sai an shimfiɗa shi. Wanda ya manta, maƙwabcinsa ne zai fara tuna masa kafin ma'aikata su iso. Zura wa mutum ido babban laifi ne a wurinsu, haka ma maganar batsa ko bin mace da surutu, kuma duk wani abu na sha'awa a bainar jama'a yana jawo kora nan take. Dokar ƙasa ma tana nan daram a cikin shingen: sashe na 222-32 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000 ga wanda ya yi aikin batsa a gaban jama'a. Wurare da yawa sukan nemi katin zama ɗan ƙungiya kafin su bar baƙo ya shiga, kuma namijin da ya zo shi kaɗai ya fi shan tambayoyi a ƙofa.

Abin da nake so ku ja kunnen yaron a kansa fiye da komai shi ne waya. Ɗaukar hoton mutum a wurin da yake na keɓe ba tare da yardarsa ba laifi ne a ƙarƙashin sashe na 226-1, hukuncinsa ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 45,000, wato sama da sefa miliyan 29. Samarinmu sun saba da kiran gida ta bidiyo suna juya waya don a ga inda suke, kuma wannan ɗabi'ar kaɗai ta isa ta raba shi da aikin, ta kuma ɓata masa takardun zama. Idan zai kira ku, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Game da tuɓewa kuwa, a mafi yawan wuraren masu aikin kanti da kicin da ofishin karɓar baƙi suna cikin tufafinsu na aiki. Baƙi ne ake buƙatar su tuɓe, musamman a wurin ninƙaya, kuma su ma da sanyin yamma ya sauko sai ka ga kowa ya ɗauko rigarsa. Sauran dokokin na zaman tare ne: mota tana tafiya a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, a yi shiru da dare, kare ya kasance a ɗaure, yara a ƙarƙashin kulawar iyayensu. Wuta ce kawai ba a wasa da ita, domin sansanonin a cikin dajin itatuwa masu saurin kamawa suke. A Yulin 2022 gobarar Landiras da ta La Teste-de-Buch sun cinye sama da hekta 20,000 a Jirond, har da sansanonin hutu biyar da ke gindin tudun yashi na Pilat, saboda haka kada ya yi tunanin hura gawayi don dafa shayi a bayan ɗaki kamar yadda ake yi a gida.

Wani malami, daga Marwa

Alhaji, Allah ya saka maka da alherin riƙon maraya. Na karanta bayanin ɗan'uwanmu na Bordo, kuma ban musa cewa mutanen suna da tsarinsu ba. Sai dai tsarin nasu bai amsa tambayar da ta shafe mu ba. Ko da yaron yana cikin suturarsa, waɗanda za su tsaya a gabansa daga safe zuwa yamma suna miƙo masa kuɗin burodi ba sa cikin tasu, alhali aya ta 30 ta Suratun Nur ta umarci muminai maza su runtse ganinsu. Saurayi ne da jini a jika, kuma wata biyu ba kwana biyu ba ne. Shawarata ita ce ya nemi wani aikin, ko da albashinsa bai kai wannan ba. Idan kuma ya zama dole, ya roƙi a mayar da shi sito ko wurin wanke-wanke, inda ba zai riƙa fuskantar jama'a ba.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar otal, daga Njamena

Ina tare da Malam a kan neman sito ko kicin, amma kada a raina wahalar samun aikin bazara ga ɗalibi baƙo. A yankin Bordo babban aikin da ake samu a ƙarshen zafi shi ne tsinkar inabi, kuma inabin na giya ne, don haka can ma akwai magana.

Alhaji, ka nemi ya turo maka hoton kwantiragin da takardar dokokin cikin gida kafin ya sa hannu. A duba ko an rubuta sunan aikin ƙarara, da batun tufafin aiki, domin alkawarin baki ba ya hana a tura shi share bakin wurin ninƙaya ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci. A duba sa'o'i: ɗalibi baƙo yana da izinin aikin sa'a 964 ne kawai a shekara, kuma idan ya riga ya yi wani aikin a lokacin karatu, sai a haɗa lissafin. Sannan a tambayi makwanci. Idan a cikin sansanin za a ba shi ɗaki, yana da bayan gida da wurin wanka nasa, ko kuwa na taron jama'a zai shiga? A irin waɗannan wurare sau da yawa wurin wanka na taro a buɗe yake, maza da mata tare, kuma wanda zai yi alwala sau biyar a rana ya kamata ya san wannan tun yana Bordo. A tambayi nawa za a cire daga albashinsa na kuɗin ɗaki, da ranar hutunsa ta mako, ko za a iya sa ta ranar Juma'a.

Mai tambaya, daga Garwa

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hajiya, batun wurin wanka bai taɓa zo mini a rai ba, kuma na tabbata shi ma bai tambaya ba. Na aika masa ya turo takardun, na kuma ce ya nemi jin ko akwai gurbi a sito. Idan sun iso zan zauna da mahaifiyarsa, domin ba zan yanke wannan hukunci a bayan idonta ba.